Neman Gurbin Karatu da Tallafin Kuɗi a Jami'o'in Amurka Lokacin Annoba

Ranar 11 ga Maris 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar da ta game duniya. Kafin watan ya ƙare an rufe makarantun sakandare a faɗin Amurka, an soke jarrabawar shiga jami'a, wato SAT, ta watan Mayu, daga baya ta Yuni ma ta bi sahu, ofisoshin jakadancin Amurka suka dakatar da ba da biza ta yau da kullum. A watan Afrilu marasa aikin yi a ƙasar suka haura kashi 14 cikin ɗari. Duk da haka jami'o'i ba su fasa ɗaukar ɗalibai ba, kuɗin makaranta kuma bai fasa jiran mai biya ba.

Abin da nake so ɗalibi da iyayensa su riƙe tun daga farko shi ne wannan: duk takardun da ake cikewa baya suke kallo. Sakamakon makaranta na shekarun da suka wuce ne, takardar harajin da ake auna ƙarfin gida da ita ta shekara biyu baya ce. Annoba kuwa yau ta taɓa ka. Idan mahaifi ya rasa aiki a watan jiya, alƙaluman da ke cikin fom ba za su nuna hakan ba. Sai ka faɗa da kanka, a rubuce, da shaida a hannu. Matakan da ke biye sun ginu ne a kan abin da ya faru a shekarun 2020 da 2021, kuma inda adadi ya zo na ambaci shekararsa, domin irin waɗannan alƙaluma suna canzawa.

Mataki na farko: tsara kalandarka

Karatun da za a fara a watan Agusta ko Satumba, shekara guda kafin nan ake fara neman sa. Shafin Common App, wanda makarantu fiye da 900 ke karɓar takardun nema ta cikinsa, yana buɗewa ranar 1 ga Agusta. Fom ɗin tallafi, FAFSA da CSS Profile, a shekarun korona ranar 1 ga Oktoba suke buɗewa. Masu neman gurbi da wuri wa'adinsu yakan faɗo 1 ko 15 ga Nuwamba, sauran kuma farkon Janairu. Amsa tana fitowa zuwa ƙarshen Maris ko farkon Afrilu, ɗalibi kuma ya bayyana makarantar da ya zaɓa zuwa 1 ga Mayu.

A 2020 makarantu da yawa sun ɗaga wannan rana ta ƙarshe zuwa 1 ga Yuni, wasu kuma ba su ɗaga ba. Saboda haka kada ka ji an ce "an ƙara lokaci" ka miƙe ƙafa. Shafin kowace makaranta za ka buɗe, ka rubuta ranarta daban, ka riƙa komawa kana dubawa, domin a lokacin annoba sanarwa takan canza cikin mako guda. Ka kuma buɗe adireshin imel ɗaya da ba ka amfani da shi don komai sai wannan aiki.

Mataki na biyu: zaɓi makarantu da lissafi a hannu

Kuɗin da makaranta ta rubuta a shafinta ba lallai shi ne za ka biya ba. Akwai jami'o'i masu zaman kansu da kuɗinsu na shekara, haɗe da ɗaki da abinci, ya wuce dala 70,000 a 2020, amma ɗan gidan da bai da ƙarfi yana iya zama a cikinsu da kuɗin da bai kai na jami'ar jiha ba. A wancan lokaci Harvard ba ta neman ko sisi daga iyayen da samunsu na shekara bai kai dala 65,000 ba. Tun 2011 dokar tarayya ta wajabta wa makarantun da ke karɓar tallafin gwamnati su sa manhajar lissafi a shafinsu, inda za ka zuba samun gidanku ta ba ka kimanin abin da zai rage a kanka. Ka yi lissafin sau biyu, ɗaya da samun kafin annoba, ɗaya da na yanzu. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce za ka yi magana a kanta a mataki na shida.

Jerinka ya haɗa da makarantun da kake da tabbacin za su ɗauke ka kuma za ka iya biya. Na jaddada wannan ne saboda abin da aka gani a zangon 2020 zuwa 2021. Da aka ɗage sharaɗin jarrabawa sai kowa ya yi ca a kan manyan jami'o'i: Harvard ta karɓi takardun nema sama da 57,000, ta ɗauki ƙasa da kashi 4 cikin ɗari, takardun neman jami'ar MIT kuma suka ƙaru da kusan kashi biyu cikin uku. A daidai lokacin, kwalejojin al'umma masu karatun shekara biyu sun rasa kimanin kashi 10 cikin ɗari na ɗalibansu. Wato ƙofa ɗaya ta cushe, wata tana buɗe babu mai shiga.

Ɗalibin da ke nema daga wajen Amurka yana da ƙarin tambaya: shin neman tallafi zai rage masa damar samun gurbi? A mafi yawan makarantu, e. A 2020 guda biyar aka sani da rashin duba aljihun ɗalibin waje wajen ɗauka tare da cike masa duk giɓin da aka tabbatar: Harvard, Yale, Princeton, MIT da Amherst. Cibiyoyin EducationUSA na Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka suna ba da shawara kyauta a ƙasashe sama da 170, kuma da annoba ta zo sun koma yin zamansu ta intanet.

A kula da tsarin nema da wuri da ake kira Early Decision. Alkawari ne: idan an ɗauke ka, ka janye sauran takardunka. Gidan da samunsa ke tangal-tangal saboda annoba ya fi buƙatar ya ga tayin makarantu da dama ya gwada, shi kuwa wannan tsari yana hana gwadawa. Ban ga hikimar shiga shi ba ga wanda bai san yadda wata shida masu zuwa za su kasance a gidansu ba.

Mataki na uku: jarrabawa

Da cibiyoyin jarrabawa suka rufe, makarantu sama da 1,500 masu ba da digiri suka ce tura makin SAT ko ACT ganin dama ne. Cornell ce ta fara a cikin manyan jami'o'i takwas na rukuninta da ake kira Ivy League, a watan Afrilun 2020, sauran suka biyo baya. Jami'ar Kalifoniya ta zarce, daga baya ta daina duba makin gaba ɗaya.

Shawarar a nan gajeriya ce. Idan kana da maki, ka duba matsakaicin makin ɗaliban da makarantar ta ɗauka a baya. Ya kai ko ya wuce, tura. Bai kai ba, ajiye shi. Idan ba ka samu damar zama ba, kada ka jefa lafiyarka ko ta tsofaffin gidanku cikin haɗari don neman cibiya a wata jiha. Sai dai ka tambaya ko wasu kyaututtukan ƙwazo na makarantar ko na jiha suna nan da sharaɗin maki, domin ɗage shi wajen ɗauka ba ya nufin an ɗage shi wajen rabon kuɗi. Kuma sassaucin ba na dindindin ba ne: MIT ta dawo da sharaɗinta a Maris 2022.

Ga wanda ake neman shaidar iya Turanci daga gare shi, an samar da TOEFL ta gida, makarantu da yawa kuma suka fara karɓar jarrabawar Duolingo, wadda a lokacin dala 49 ce kuma a gida ake yin ta da kwamfuta mai kyamara.

Mataki na huɗu: cike takardar nema

Common App yana ba ka damar nema a makarantu har 20. Akwai babban rubutun bayanin kai mai kalmomi 250 zuwa 650, da gurabe goma na ayyukan da kake yi bayan aji. A zangon 2020 zuwa 2021 aka ƙara tambaya ta musamman, kalmomi 250, don bayyana yadda annoba ta shafe ka. Amsa ta ganin dama ce.

Ga yadda nake ganin ya dace a raba su. Babban rubutun a bar shi ga wane ne kai, abin da ke cin ranka, yadda kake tunani. Mai karantawa ya riga ya ga ɗaruruwan labaran zaman kulle. Tambayar annoba kuwa ba wurin gwanintar harshe ba ce, wurin bayani ne tsantsa: an rufe makarantarmu daga wata kaza zuwa wata kaza, waya ɗaya muke rabawa mu huɗu, mahaifiyata ta kwanta asibiti, na kama aiki don a biya kuɗin haya, shi ya sa makina na lissafi ya faɗi a zango na biyu. Wanda annoba ba ta taɓa shi sosai ba ya bar gurbin babu komai, babu laifi.

Ɗalibai da yawa suna jin kunyar rubuta hidimar gida a jerin ayyuka, suna ganin sai ƙungiyar muhawara ko wasanni ne abin faɗa. A watan Yunin 2020 shugabannin ofisoshin ɗaukar ɗalibai sama da 300 suka sa hannu a wata sanarwa da wani shiri na makarantar nazarin ilimi ta Harvard ya shirya, suna cewa kula da ƙanne, jinyar ɗan'uwa da aikin tallafa wa gida abubuwa ne masu daraja a wurinsu, kuma suna son a rubuta su. To ka rubuta, da adadin sa'o'in da kake ba su a mako.

Idan makarantarku ta daina ba da maki ta koma "ya ci" ko "bai ci ba", ko aka soke jarrabawar ƙarshe kamar yadda hukumomin jarrabawar ƙasa da ƙasa IB da Cambridge suka soke nasu na tsakiyar 2020, malamin da ke ba ku shawara shi ne zai bayyana hakan a nasa ɓangaren. Ka tuna masa. Malaman da za su rubuta maka wasiƙar shaida kuma ka nemi alfarmarsu da wuri, aƙalla wata guda kafin wa'adi, ka haɗa musu da taƙaitaccen bayanin abin da ka yi a ajinsu, tunda wataƙila ta allon kwamfuta kawai suka san ka. Kuɗin nema yakan kama daga dala 50 zuwa 90 a kowace makaranta, amma a cikin fom ɗin akwai wurin neman a yafe maka, kuma raguwar samu dalili ne karɓaɓɓe.

Mataki na biyar: FAFSA da CSS Profile

FAFSA fom ne na gwamnatin tarayya, kyauta ne, duk shafin da ya nemi ka biya don cike shi ka rufe shi. 'Yan ƙasa ne ke cikewa, da masu katin zama na dindindin, da 'yan gudun hijirar da aka amince da su. Ɗalibin da shi ɗan ƙasa ne yana da haƙƙi ko da iyayensa ba su da takardun zama. Ɗalibi da mahaifi kowa zai buɗe nasa asusun FSA ID, shi ne sa hannunsu. Ta wannan fom ake samun kyautar Pell, kuɗin gwamnatin tarayya da ake ba masu ƙaramin ƙarfi ba tare da a biya ba, wadda mafi yawanta ya kai dala 6,345 a zangon 2020 zuwa 2021 da dala 6,495 a wanda ya biyo baya, da bashin gwamnati, da aikin cikin makaranta. Jihohi da makarantu ma da shi suke rabon nasu. Wasu jihohin wanda ya riga shi ke samu har kuɗin ya ƙare, Kalifoniya kuma a shekarun nan wa'adinta 2 ga Maris ne. Don haka a cike shi a watan da ya buɗe.

Ga inda annoba ta fi cutar da mutane. FAFSA ta zangon 2021 zuwa 2022 harajin 2019 take tambaya, shekarar da komai ke tafiya daidai. Magidancin da aka sallama daga aiki a Afrilun 2020, a takarda yana nan da cikakken albashinsa. Kada ka gyara adadin da kanka. Ka rubuta na shekarar da aka tambaya daidai yadda yake a takardar haraji, domin saɓani da bayanan hukumar haraji yana jawo bincike da jinkiri. Gyara yana da tasa hanya.

CSS Profile na College Board ne, hukumar da ke shirya SAT, makarantu masu zaman kansu ne suka fi nemansa don rabon kuɗinsu na kansu, kuma da yawa suna nemansa daga ɗaliban waje. A lokacin dala 25 ne na makaranta ta farko, 16 ga kowace ƙari, tare da yafiya ga masu ƙaramin samu. Ya fi FAFSA tono: yana tambayar darajar gidan da kuke ciki, da samun mahaifin da ba ya zaune tare da ku. Amma yana da gurbin bayanin yanayi na musamman. Ka cike shi.

Mataki na shida: nemi a sake duba lissafinku

Wannan mataki shi ne zuciyar al'amarin, kuma shi aka fi tsallakewa. Wasu ba su san da shi ba, wasu kuma nauyi suke ji, suna ganin kamar roƙo ne. Ba roƙo ba ne. Dokar ilimi mai zurfi ta Amurka ta ba jami'in tallafi na kowace makaranta ikon canza alƙaluman da ke cikin FAFSA na ɗalibi, ɗaya bayan ɗaya, idan an kawo masa shaidar cewa hali ya canza. Rasa aiki, raguwar albashi, rufe sana'a, kuɗin asibiti masu yawa, rasuwar mai ɗaukar nauyin gida, duk suna ciki. Idan ya yarda, sai ya ajiye samun shekara biyu baya ya yi aiki da na yanzu, wanda hakan kan iya buɗe ƙofar Pell ga wanda da bai cancanta ba, ko ya ƙara masa kason makaranta.

Ga yadda ake bi. Bayan ka tura FAFSA, ka rubuta wa ofishin tallafi na kowace makaranta daban, domin hukuncin wata ba ya hawa kan wata. Ka tambaye su ko suna da fom na yanayi na musamman, yawancinsu suna da shi a shafinsu. Sannan ka haɗa takardu: wasiƙar sallama daga aiki ko ta rage sa'o'i, takardar albashi ta ƙarshe, takardar kuɗin rashin aiki idan ana karɓa, rasit na asibiti, lissafin shiga da fita na sana'a idan ta kai ce, takardar shaidar rasuwa idan ta kama. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Iyaye, wannan magana taku ce musamman: ɗanku ba zai iya kare abin da kuka ɓoye masa ba, jami'in kuma da takarda yake aiki.

Wasiƙar kada ta wuce shafi ɗaya. Ka fara da sunanka da lambar da makaranta ta ba ka. Ka faɗi abin da ya faru da ranar da ya faru. Ka kawo adadi biyu, samun da ke cikin FAFSA da wanda ake sa rai a bana. Ka faɗi abin da gida zai iya biya da gaske. Ka lissafa takardun da ka haɗa, ka yi godiya, ka tsaya. Kuka da dogon labari ba sa ƙara komai, barazanar tafiya wata makaranta ma haka. Idan wata makaranta mai kama da ita ta yi maka tayi mafi kyau, kana iya haɗa kwafinsa cikin ladabi.

Bayan mako biyu ba ka ji komai ba, ka sake tuntuɓa. A lokacin kulle ma'aikatan daga gida suke aiki, saƙonni sun yi musu yawa, kuma imel ya fi waya saurin isa. Ka sani hukuncin jami'in shi ne na ƙarshe, ba a ɗaukaka ƙara zuwa Ma'aikatar Ilimi. Amma idan hali ya sake taɓarɓarewa a tsakiyar shekara, kana da damar komawa da sabuwar shaida. Kuɗin makaranta na da iyaka, wanda ya kai kokensa da wuri ya fi samun abin da za a ba shi.

Ka kuma tambayi tallafin gaggawa. Dokar CARES da aka sa wa hannu ranar 27 ga Maris 2020 ta ware wa manyan makarantu kimanin dala biliyan 14, da sharaɗin aƙalla rabi ya tafi hannun ɗalibai kai tsaye. Wasu kason sun biyo baya a Disamba 2020 da Maris 2021, kuma daga Mayun 2021 aka buɗe shi har ga ɗaliban waje. Wasu makarantun sun raba ba tare da an nema ba, wasu sai wanda ya cike fom.

Mataki na bakwai: karanta takardar tayi da idon basira

Makarantu sukan jera kyauta da bashi a layi ɗaya su kira su duka tallafi. Ka raba su da kanka. Ɗauki cikakken kuɗin shekara, wato karatu, ɗaki, abinci, littattafai, sufuri da inshorar lafiya, ka cire abin da ba za a biya ba kawai. Abin da ya rage shi ne kuɗin makarantar a wurinku. Aikin cikin makaranta albashi ne da sai an yi ake samu, kuma idan an rufe harabar aikin na iya tsayawa.

Ɗalibin shekarar farko da ke ƙarƙashin iyaye yana iya karɓar bashin gwamnati har dala 5,500, wanda daga ciki har 3,500 gwamnati ke ɗauke kuɗin ruwansa muddin yana karatu. Kuɗin ruwan ya sauka zuwa kashi 2.75 a zangon 2020 zuwa 2021. Bashin gwamnati na PLUS da ake ba iyaye ya fi tsada kuma a wuyansu yake. Na banki ya fi su duka rashin sassauci: dakatar da biyan bashi da gwamnati ta yi daga Maris 2020 zuwa 2023 bai shafe shi ba.

Kafin ka biya kafin alƙalami, ka yi wa makarantar tambayoyi a rubuce. Idan aka koma karatu daga gida, za a mayar da kuɗin ɗaki da abinci? Tallafina zai ragu idan na zauna a gida? Kyautar ta shekara huɗu ce, kuma wane maki ake so in riƙe?

Mataki na takwas: jinkirtawa ko tafiya

A 2020 kusan ɗaya cikin biyar na sababbin ɗaliban Harvard sun ɗage shigarsu da shekara guda. Idan kana son haka, sai ka karɓi gurbin tukuna, sannan ka nemi izini a rubuce. Tallafin buƙata sai an sake cike fom a shekara mai zuwa, kyautar ƙwazo kuma ka tabbatar za ta jira ka. Kada ka yi rajista a wata kwaleji a shekarar ba tare da ka tambaya ba, domin wasu makarantu za su mai da kai ɗalibin canjin makaranta, kason waɗannan kuma yakan fi ƙanƙanta.

Ɗalibin waje zai tura shaidar kuɗin shekara guda, makaranta ta ba shi takardar I-20, ya biya dala 350 na SEVIS, wato rajistar ɗaliban waje, sannan ya nemi ranar ganawa don bizar karatu ta F-1. Ka nemi ranar da zarar takardar ta iso, domin bayan rufewar 2020 layin ya yi tsawo a ƙasashe da yawa. Dokoki ma sun yi ta juyawa: ranar 6 ga Yulin 2020 hukumar shige da fice ta ce ɗaliban da karatunsu ya koma intanet gaba ɗaya su bar ƙasar, Harvard da MIT suka kai ƙara, ranar 14 ga wata aka janye umarnin. Sababbin ɗalibai dai ba a ba su damar shiga ba idan duk darussansu ta intanet ne. Saboda haka kafin ka sayi tikitin jirgi ka samu amsa a rubuce daga ofishin ɗaliban waje na makarantarka: darussa nawa za a yi ido da ido, wace rana ce ta ƙarshe da za a karɓe ka idan biza ta makara, wace allurar rigakafi suke karɓa, kwana nawa za a killace ka, kuma wa zai biya kuɗin ɗakin killacewar.